Waƙafi da Lamuni: Taimakon Masu Jiran Shari'a, da Misali daga Ƙasar Haɗejiya

Ɗauri da waƙafi

Hausawa suna da sunaye da dama na wurin da hukuma ke tsare mutane. Akwai kurkuku, da gidan yari, da gidan kaso, da jarun, sa'an nan a shekarar 2019, da aka yi sabuwar doka aka sake wa hukumar gidajen suna, sai gidan gyaran hali ya shigo. Amma akwai suna ɗaya da ya fita dabam, shi ne gidan waƙafi. Kalmar waƙafi daga Larabci ta ke, asalin ma'anarta kuwa tsayawa. Ita ce dai malami ke koya wa yara a darasin rubutu, watau 'yar alamar nan da mai karatu ke dakatawa a kanta ya ja numfashi kafin ya kai aya. A bakin alƙalan da, in an ce an yi wa mutum waƙafi, ana nufin an dakatar da shi a hannun hukuma kafin a gama bincika maganarsa. In an gama aka same shi da laifi, sa'an nan ne a kan ce an ɗaure shi.

Yanzu galibin mutane sun bar wannan bambanci. Duk wanda ya shiga gidan nan fursuna a ke ce masa, ko an yanke masa hukunci ko ba a yanke ba, kuma da wannan suna zai koma ƙauyensu ko da kotu ta wanke shi. Alhali kuwa waɗanda ba a yanke wa hukunci ba su ne mafi yawa.  A watan Nuwamba na 2023, Ministan Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya bayyana cewa akwai mutum 80,804 a gidaje 253, waɗanda gaba ɗayansu ba su kai su ɗauki mutum 50,000 ba. Wajen kashi biyu cikin uku na mutanen nan jiran shari'a su ke yi. Wannan takarda za ta bayyana abin da ke maƙale su, da aikin ƙungiyoyin sa kai masu ƙoƙarin fid da su, da kuma inda aikin ya taɓa masana Hausa da malaman makarantun horon malamai.

Abin da doka ta ce

Dokar ƙasa ba ta yi shiru a kan waƙafi ba. Sashe na 35 na Tsarin Mulki na 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in kuwa babu, cikin kwana biyu. Ya kuma ce in wata biyu ya cika mutum yana tsare ba a yi shari'arsa ba, a sake shi, ko da sharaɗi ko ba sharaɗi, sai fa in laifin da a ke zarginsa na kisa ne hukuncinsa. Sashe na 36 ya ce kowa mara laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa, kuma a faɗa masa abin da a ke tuhumarsa da shi cikin harshen da ya ke ji, a ba shi tafinta kyauta in ba ya jin harshen kotu.

Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta Tarayya ta 2015, wadda jihohi suka bi sawunta suka yi nasu, ta ƙara ɗaure maganar. Majistare ba zai ba da ajiyar mutum fiye da kwana 14 a karo na farko ba. In an kawo dalili ya ƙara 14. Bayan wannan sai a kira masu gabatar da ƙara su faɗi hujjar ci gaba da tsare shi, in ba su da ita a sallame shi. Har wa yau dokar ta sa majistare ya riƙa zagaya ofisoshin 'yan sanda kowane wata ya ga waɗanda ke kulle.

Malaman fiƙihu ma sun riga sun yi wannan magana tun da daɗewa. A cikin Muhtasar na Shehu Halil, wanda a ke karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, an nuna cewa in an naɗa sabon alƙali, da mutanen da ke tsare zai fara kafin ya duba sauran al'amura. Abu Yusuf kuma, alƙalin alƙalan Bagadaza, ya shawarci Halifa Haruna Rashid da ya sa a riƙa duba maganar mutanen kurkuku a kai a kai, a saki wanda ba a kama da kome ba. Ashe ke nan dokoki suna nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai bi su ya ga an aikata.

Yadda mutum ke maƙalewa

A ɗauki misali daga ƙasar Kafin Hausa, cikin masarautar Haɗejiya. Ƙasa ce ta noma da kiwo, ga fadamar kogin Haɗejiya inda a ke shinkafa da alkama da kayan lambu, ga kuma makiyaya masu saukowa da shanu in kaka ta yi. A ce shanu sun shiga gona kafin a kwashe amfani, faɗa ya tashi, aka sari wani, ya kwana biyu ya cika. 'Yan sanda suka zo suka kwashe samari shida, a cikinsu akwai wanda ya yi saran, akwai wanda ya zo rabo, akwai wanda kallo kawai ya kawo shi.

Kisan kai Babbar Kotu ce ke shari'arsa, majistare ba shi da iko a kai. Amma da ya ke 'yan sanda ba su da damar riƙe mutum kwanaki da yawa, sai su kai samarin gaban majistare, shi kuwa ya ba da ajiyarsu a gidan yari na Haɗejiya har a sami shawarar Ma'aikatar Shari'a. Daga nan takardun binciken za su tafi Dutse, lauyan gwamnati ya karanta, ya faɗi wanda ya kamata a gurfanar da wanda ya kamata a saki. In kome ya tafi daidai, 'yan makonni sun isa. To, amma ɗan sandan da ya yi binciken ana iya yi masa canjin wurin aiki. Takardu suna iya kwana a cikin wani kabad ba wanda ya tuna da su. Ranar zaman kotu ana iya rasa motar kai mutane, ko shaidu su ƙi zuwa don tsoro ko rashin kuɗin mota. A shekarar ambaliya irin ta 2022, da ruwa ya yanke hanyoyi da yawa a ƙasar Haɗejiya, dangin da za su bi sawun maganar su ma ta kansu su ke yi. Ba lalle ne wani ya yi nufin zalunci ba, kowa yana jiran wani ne, sai a wayi gari ɗan kallon nan ya shekara uku.

Akwai kuma masu ƙananan laifuffuka. Wani an ba shi beli amma an ce ya kawo ma'aikacin gwamnati ko mai takardar fili ya tsaya masa, shi kuwa duk danginsa manoma ne. Wani an yanke masa tara ko biyan diyyar ɓarna, kuɗin bai kai na tunkiya ba, amma ba shi da su. Hausawa sun ce mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Waɗannan su ne marasa uwa a gindin murhu.

Lamuni a zamanin En'e

Bayan da Turawa suka ci Haɗejiya a 1906, sun bar gidan yari a hannun Sarki, kamar yadda suka yi a sauran masarautu. Yari ne ke kula da shi, dogarai da 'yan doka ke kamu, alƙali ke shari'a, dukansu ma'aikatan En'e guda. Wannan tsari yana da aibinsa mai girma. Ba a yarda lauya ya tsaya gaban alƙali ba, kuma a shekarun 1950 'yan jam'iyyar NEPU da yawa sun sha ɗauri a kotunan En'e saboda siyasa. Duk da haka talaka ya san ƙofar da zai buga. Uban yaro ya kan je wurin mai unguwa, mai unguwa ya kai shi ga dagaci, dagaci ga hakimi, har a sami mai mutunci ya ce ya lamunce yaron, duk ran da a ke nemansa zai kawo shi. Wannan shi ne lamuni, kalma ce ita ma daga Larabci, jarinta kuwa mutuncin mai yin ta.

A 1968 aka karɓe gidajen yari na En'e aka haɗa su ƙarƙashin Gwamnatin Tarayya, cikin shekarun nan kuma 'yan doka suka narke cikin 'yan sandan Nijeriya, kotunan alƙalai suka koma hannun jihohi. Tun daga lokacin maganar mutum ɗaya ta rabu hannu huɗu: mai kamu da mai tsarewa na Tarayya ne, mai gabatar da ƙara da mai shari'a na jiha. Gyaran Tsarin Mulki na 2023 ya ba jihohi damar kafa gidajen gyaran hali nasu, amma gidajen da a ke da su tun da, na Tarayya ne. Babu ɗaya cikin hannuwan nan huɗu da aka ɗora wa bin mutum tun daga kamu har hukunci. Wannan gurbi ne ƙungiyoyin sa kai suka shiga.

Ƙungiyoyin

Gwamnati ta kafa hukumar ba talakawa lauya kyauta a 1976, aka sabunta dokarta a 2011, amma lauyoyinta ba su taɓa isar masu bukata ba. A 1987, zamanin mulkin soja, lauyoyi biyu, Olisa Agbakoba da Clement Nwankwo, suka kafa ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta CLO a Ikko, watau Legas, aikinta na farko kuwa neman sakin mutanen da aka manta da su a kurkuku. A 1991 ta buga rahoto a kan halin gidajen yari na Nijeriya wanda ya buɗe idon mutane ƙwarai. A 1994 Uju Agomoh ta kafa PRAWA, ƙungiyar da ta keɓe kanta ga fursunoni, tun daga shari'arsu har komawarsu cikin jama'a. A 2003 aka kafa NULAI, wadda ta haɗa jami'o'i masu koya wa ɗaliban lauya aiki ta hanyar taimakon marasa hali, Jami'ar Maiduguri tana cikin na farko. Wajen 2005 kuma aka fara ajiye matasan lauyoyi masu bautar ƙasa a ofisoshin 'yan sanda don su ga wanda aka kama tun ranar farko, Sakkwato da Kaduna suna cikin jihohin da aka gwada abin. A Kano akwai ƙungiya mai ɗauke da sunan marigayi Malam Isa Wali, wadda ta horar da mataimakan lauya a cikin unguwanni da ƙauyuka, musamman saboda mata da yara.

Wata shari'a ta nuna iyakar inda waƙafi ke kaiwa. An kama wani mai gyaran jikin mota, Sikiru Alade, a Ikko a 2003, majistare ya ba da ajiyarsa, aka manta da shi shekara tara. Wata ƙungiya ta kai maganarsa Kotun ECOWAS, a 2012 kotun ta ce tsarewar ta saɓa wa doka, ta sa a sake shi a biya shi diyya.

A waje kuwa, ƙasar Malawi ce a ke misali da ita. Tun shekarar 2000 aka fara shigar da mataimakan lauya gidajen yari na can, suna tara fursunoni suna koya musu ta hanyar wasan kwaikwayo yadda za su roƙi beli da bakinsu, da abin da za su ce in an karanta musu tuhuma. Mataimakin lauya ba ya tsayawa gaban kotu. Mutum ne mai ilmi gwargwado da aka horar 'yan watanni ya san hanyoyin shari'a, ya kuma san harshen mutane da ƙauyukansu.

Aikin, mataki mataki

Wanda bai sani ba zai zaci aikin duk jayayya ce a gaban joji. Mafi yawansa kuwa tafiya ce da rubutu. Da farko a kan shiga gidan da izinin hukuma, a zauna da mutum, a rubuta sunansa da garinsu, da ranar kamu, da kotun da ta ba da ajiyarsa, da ranar da ya ga kotu ta ƙarshe. Na biyu a gwada abin da ya faɗa da littafin gidan. Na uku a bi takardunsa a gano inda suka tsaya, ko wurin 'yan sanda, ko ma'aikata, ko wurin magatakardan kotu, a yi ta komawa har su motsa. Na huɗu a nemi dangi, domin sau da yawa ba su san inda ɗansu ya ke ba, ko kuwa kunya ta hana su zuwa. A nan ne a ke samun mai tsaya masa. Na biyar, in laifin na sulhu ne, kamar ɓarnar gona ko bashi ko zagi, a haɗa masu magana gaban dattawa, in sun daidaita a sanad da kotu. Sai abin da ya gagari waɗannan duka ne a ke miƙa wa lauya ya shigar da takarda a Babbar Kotu.

Akwai wata ƙofa kuma. Wata doka ta 1977 ta ba Babban Jojin jiha iko ya ziyarci gidan yari ya saki wanda a ke tsare da shi ba bisa ƙa'ida ba, ko wanda ya riga ya zauna fiye da abin da za a ɗaure shi da an same shi da laifin. Ziyarar kwana ɗaya ce ko biyu, Joji ba zai iya jin kowa ba, saboda haka wanda aka shirya takardarsa tun kafin ranar shi ne ke dacewa. Shirya wannan jerin sunaye yana cikin aiki mafi amfani da ƙungiya ke yi.

Biyan tara kuwa tsohuwar sadaka ce, attajirai da ƙungiyoyin addini sun saba yin ta da azumi. A 2023 Gwamnatin Tarayya ta tara Naira miliyan 585 daga kamfanoni da masu hali don a saki mutum 4,068 da tara ta riƙe. Alheri ne babba, sai dai waɗanda aka riga aka yanke wa hukunci ya ke fitarwa. Mai jiran shari'a ba a yanka masa abin da za a biya ba tukuna.

Inda harshe ya shigo

Kotun shari'ar Musulunci da Hausa ta ke aiki, amma majistare da Babbar Kotu da 'yan sanda da Turanci su ke rubutu. Maganar mutum ta kan bi ta bakin ɗan sanda ko magatakarda kafin ta hau takarda, abin da ke takarda kuwa shi ne shari'a ke gani. In an karanta wa baƙauye tuhuma ya ce "na ji", yana nufin maganar ta shiga kunnensa. In ya ce "haka ne", wataƙila faɗan ya ke gaskatawa, ba cewa shi ya yi saran ba. In ya ce "a yi mini afuwa", ladabi ne na talaka gaban babba, mai laifi da mara laifi duk su kan faɗa. Tafinta mai gaggawa yana iya mai da kowace ɗaya cikin ukun nan amsa laifi. A ƙasar Haɗejiya abin ya fi haka wuya, domin akwai Fulani da Mangawa da Badawa waɗanda Hausa harshe na biyu ce gare su, sun iya ta ta kasuwa, ba su iya ta ta kotu ba.

Kalmar beli ma ta jawo hasara. An aro ta daga Turanci ba tare da an fassara ma'anarta ba, sai mutane suka ɗauka wani abu ne da a ke saya, har su kan ce "kuɗin beli", ko da ya ke a rubuce ya ke a ofisoshin 'yan sanda cewa beli kyauta ne. Da an ce musu lamuni, da kowane dattijo ya gane cewa alkawari a ke nema daga gare shi na kawo yaro ranar shari'a. Haka kuma sallama da wankewa ba ɗaya ba ne: wanda aka sallama don masu ƙara ba su shirya ba ana iya sake kama shi, wanda aka wanke kuwa maganarsa ta mutu. Mutane da yawa sun fita kotu ba su san wanne aka yi musu ba.

Abin da ya rage

Ƙungiyoyin nan suna da iyaka. Galibinsu a manyan birane su ke, kuɗinsu kuma daga masu ba da taimako na ƙasashen waje ya ke fitowa, shekara biyu ko uku, in ya ƙare aiki ya tsaya. Lauyoyi ba su cika zama a garuruwa irin su Kafin Hausa da Auyo da Bulangu ba. Saboda haka in taimakon zai ɗore a irin waɗannan wurare, sai ya tsaya a kan mutanen wurin, kuma malamin makaranta yana cikin waɗanda a ke fara kai wa takarda ya karanta in an kama wani.

Abu uku suna hannun masana Hausa da makarantun horon malamai. Na ɗaya, a tattara kalmomin kotu da na gidan yari yadda mutane ke faɗarsu, a gwada su da na tsofaffin alƙalai, a daidaita ƙaramin ƙamus da tafintoci za su dogara da shi. Na biyu, a fassara sashe na 35 da na 36 cikin Hausa mai sauƙi, a sa su cikin darasin zaman ɗan ƙasa, don kowane ɗalibi ya fita ya san kwana nawa doka ta yarda a tsare mutum. Na uku, a koya wa ɗalibai rubuta takardar koke gajeriya mai ɗauke da suna, da ranar kamu, da kotu, da ranar zama ta ƙarshe, domin waɗannan huɗu su ne abin da lauya ko Babban Joji zai fara tambaya. Jami'ar Sule Lamido tana nan a Kafin Hausa tun 2013, ɗalibanta kuwa da yawa 'ya'yan ƙauyukan nan ne, sun san dagatai, sun san hanyoyi, waɗansunsu suna jin Fillanci ko Manganci. Irin waɗannan ne Malawi ta horar ta sa aiki.